A Kan Wane Albashi Ake Lissafa Fanshon Ma'aikaci?

Duk ƙarshen wata ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yakan ga an cire masa kuɗin fansho a takardar albashinsa, amma kaɗan ne ke tsayawa su bincika a kan wane adadi aka yi lissafin. A nan ne makomar tsufansa take.

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci biyan aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya biya aƙalla kashi 10, jimilla kashi 18 ke nan da ke shiga asusun ritayarsa. A ƙarƙashin dokar 2004 kowane ɓangare kashi 7.5 yake biya. Dokar ba ta sa iyaka ta sama ba, saɓanin Amurka, inda a shekarar 2025 harajin fansho na kashi 6.2 yake tsayawa da zarar albashin shekara ya kai dala 176,100. Abin da dokarmu ta shata shi ne iyaka ta ƙasa: kada adadin da za a yi lissafi a kansa ya gaza jimillar ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri.

Matsalar tana tasowa ne idan aka mayar da wannan iyaka ta ƙasa tamkar ita ce ƙa'ida. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke karɓar naira 300,000 a wata, amma naira 150,000 kawai ake lissafa masa a fansho, saura kuwa alawus-alawus ne da aka ware gefe. Naira 27,000 ce za ta shiga asusunsa maimakon 54,000. Bayan shekara 35 na aiki, ko cikarsa shekara 60, zai tarar da rabin abin da ya yi zato. Duk ƙarin da aka yi wa ma'aikaci a gefen albashi yakan yi daɗi a yau, amma ba lalle ne ya bi shi gida ranar ritaya ba.

Sai batun lokaci. Doka ta ce a tura kuɗin cikin ranakun aiki bakwai da biyan albashi, wanda ya saɓa kuma a ci shi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba. Gwamnatin da ta kafa dokar ta shafe shekaru tana biyan kashi 7.5 maimakon 10, sai a 2021 aka amince a biya bambancin. Kuɗin da ya makara ba ya haifar da riba, asarar kuwa ma'aikaci ne ke ɗaukarta.

Hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa sun fi kowa buƙatar lura, domin aikinsu na ɗan wa'adi ne. Doka ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 na asusunsa idan ya yi wata huɗu babu aiki. Akwai kuma damar ƙara gudummawa ta ganin dama, sai dai ribarta tana shiga haraji idan aka cire kafin shekara biyar.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Ofishin Akanta Janar na Tarayya da ya riƙa nuna wa kowane ma'aikaci a takardar albashinsa adadin da aka lissafa fansho a kansa da ranar da aka tura kuɗin. Hukumar PenCom ta riƙa wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin da suka makara, kamar yadda take matsa wa kamfanoni masu zaman kansu. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma, a duk zaman da za su yi kan ƙarin albashi, su fara tambayar ko ƙarin zai shiga lissafin fansho. Shi kuwa ma'aikaci, ya karɓi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa a wannan watan, ya gwada shi da takardar albashinsa.