FINAFINAN GIDAN ƁARAYI: ME 'YAN KALLO KE TAFA WA?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a zaurukan hira na 'yan Arewa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Ibadan, watau gardamar finafinan da ke nuna rayuwar manyan miyagu da iyalansu. Wasu na cewa makarantar koyon ɓarna ce aka buɗe wa yara a cikin wayar hannu. Wasu kuma na cewa ai abin da ke faruwa ne aka nuna, sai dai in ba a son gaskiya. Maganar ta wuce ta bakin shayi, gama ta kai gaban hukuma a Kano, ta kuma kai gaban alƙali a Ikko.

Wanda ya fi tayar da ƙura a nan Kudu shi ne King of Boys, wanda Kemi Adetiba ta shirya a 2018. Labarin wata Alhaja Eniola Salami ne, attajira mai kyauta da rana, shugabar 'yan daba da dare, wadda ta ga lokaci ya yi da za ta karɓi ladanta wajen 'yan siyasar da ta ɗora a kan mulki. Sola Sobowale ce ta fito a wannan matsayi. Fim ɗin ya kusa awa 3, amma duk da haka ya tara fiye da Naira miliyan 200 a gidajen sinima, har aka yi masa ci gaba a Netflix a 2021. Abin lura shi ne yadda 'yan kallo suka ɗauki matar. Ta sa an kashe mutane a gaban idonsu, amma da ta rasa 'ya'yanta biyu sai suka taya ta kuka. Jami'in da ke farautarta, wani ɗan Arewa mai suna Gobir wanda ya ƙi sayuwa, bai samu rabin wannan ƙauna ba, ko da yake mu dai mun ji daɗi da aka ba mutuminmu aikin da ba gadin ƙofa ba.

To, me ya kawo haka? Sirrin yana cikin iyalin. Ɓarawo shi kaɗai a daji abin tsoro ne, amma in aka nuna shi yana cin tuwo da 'ya'yansa, yana biyan kuɗin makaranta, yana aurar da 'yarsa, sai mai kallo ya ga ubansa ko yayansa a jikinsa. Turawa sun riga mu gane wannan. The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya shirya a Amurka a 1972, da bikin aure ya fara. Tun kafin a ɗauke shi wata ƙungiyar 'yan asalin Italiya ta tashi tsaye cewa za a ɓata musu suna, har sai da mai shirin ya yarda aka cire kalmar Mafiya daga bakin 'yan wasa. Abin dariya, jagoran ƙungiyar, Joseph Colombo, shi kansa shugaban ɗaya daga cikin gidajen miyagu 5 na birnin New York ne. Da fim ɗin ya fito kuwa, miyagun suka fi kowa sonsa.

Irin wannan ƙorafi na ɓata suna ya sake tasowa a nan Ikko a watan Afrilu 2023, sa'ad da Gangs of Lagos na Jade Osiberu ya fito. An nuna makasa sun ɓuya cikin fararen kayan dodon Eyo. Ƙungiyar 'yan asalin Isale Eko ta kai ƙara tana neman diyyar Naira biliyan 10, aka ƙare da sulhu a 2025 bisa sharaɗin a ba su haƙuri. Ba kisan ne ya ɓata musu rai ba, jingina shi da gidansu da al'adarsu ne. Duk ɗan Arewan da ya taɓa jin an kira shi "aboki" da gatse a tashar mota ya san wannan zafi, kuma da wani zai shirya fim a kan gidan ɓarayi a Zangon Agege, da mu ma mun garzaya kotu.

Yanzu mu koma gida, gama can ne abin ya fi shafarmu. Magidancin da ya baro Tirwun a gefen birnin Bauchi ya zo sayar da tumatir a Mile 12, shi ne ke aika kuɗin da ake saya wa yaro waya, amma ba ya nan balle ya ga abin da ake kallo a cikinta. Abin da ake kallo kuwa ya haɗa da irin su A Duniya na Tijjani Asase, shirin 'yan daba da ya fito da Daddy Hikima har sunan Abale ya bi shi. Samari sun ɗauki salon maganar, sun ɗauki tafiyar. Uban da ya ji ɗansa na magana da muryar 'yan daba a waya, daga nisan kilomita fiye da 1,000, ba za a ce masa tsoronsa shirme ba ne.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta bi bayan masu wannan tsoro. A watan Satumba 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana masu nuna daba da daudu. Sai dai ikon hukumar a iyakar Kano ya tsaya. Ba ta da ta cewa a Bauchi, balle a YouTube, inda fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ke zubar da jinin da ya ninka na Kano sau goma.

Kuma a tuna, Sara-Suka ta Bauchi da Kalare ta Gombe sun girmi waɗannan finafinai nesa ba kusa ba. Tun a 2007 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan siyasa ke ɗaukar 'yan Kalare aiki lokacin zaɓe. A wannan lokaci wayar kallon fim ba ta shiga hannun yaran unguwa ba. Wanda ya ba su adda da ƙwaya da kuɗin kashewa ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne.

A ganina, aibin finafinanmu na daba ya sha bamban da wanda hukuma ke faɗa. Suna nuna yaron da wuƙarsa, su tsaya nan. Ba kasafai suke shiga cikin gida ba, su nuna uwar da aka kawo wa atamfa da buhun shinkafa ta karɓa ba ta tambayi inda aka samo ba, ko uban da ya ga babur sabo a zaure ya kau da kai, ko Alhajin da ke zuwa ofishin 'yan sanda da tsakar dare ya yi belin yaransa. King of Boys ya yi wannan ƙarfin hali, ya haɗa ɗan daba da mai kujera a tebur ɗaya, shi ya sa mutanen Ikko suka fita sinima suna raɗa sunayen waɗanda suke zaton da su ake. Na Kano kuwa an bar su da yaron talaka, ga shi yanzu shi ma an hana nuna shi.

Mai shirya fim a Arewa zai ce maka kunya da tsoro ne suka ɗaure shi. Nuna uwa tana cin haram abu ne da 'yan kallonmu ba za su yafe da sauƙi ba, nuna mai mulki yana kiwon 'yan daba kuwa na iya jawo a soke maka lasisi. Amma Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya taɓa maguɗin zaɓe da cin hanci tun 2019, mutane suka kalla, aka kuma ci gaba da shirin. Zaɓen 2027 na tafe, kuma 'yan Tirwun da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin watannin da ake fara neman samari a unguwa.