"Kamar Kullum": Yadda Ake Ajiye Bincike A Kasuwar Intanet

 

A hutun da ya wuce na koma gida na tarar ƙanena, ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya tara Naira 14,000 daga barka da sallah da ɗan abin da yake samu idan ya taya baffanmu tsaron shago. Burinsa ya sayi fitilar karatu mai caji, domin a unguwarmu wuta sai ta kwana biyu ba ta leƙo ba, ga jarrabawa ta matso. Kullum da dare sai ya ari wayar Umma, ya shiga kasuwar intanet, ya rubuta sunan fitila, ya yi ta jan shafi har barci ya ɗauke shi. Kwana shida yana haka. Ya sayi data ta Naira 1,500 daga cikin kuɗin, fitila ba ta samu ba, labarin da ya tare ni da shi ma na wani agogon hannu ne da ya gani.

Na ce masa, "To, ina maganar fitila?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, duk sanda na shiga kaya sun yi yawa. Ban ma san wanda na duba jiya ba."

Matsalarsa ita ce kullum daga farko yake farawa. Ku dubi mai shayin unguwarku. Wanda ya saba zuwa wurinsa ba ya tsayawa dogon bayani, cewa kawai yake yi, "Haɗa mini kamar kullum." Mai shayi ya san yawan sukarinsa da madararsa da irin burodin da yake so. Kasuwar intanet ma ana iya yi mata haka: ka tsara sharuɗɗanka sau ɗaya, ka ajiye su, duk ranar da ka dawo ka danna wuri guda.

Manyan kasuwannin da muka fi sani a Najeriya, irin su Jumia da Konga da suka fara aiki a 2012 da kuma Jiji da ta zo a 2014, duk suna da wurin tace kaya. Galibi za ka ga an rubuta Filter a jikin maɓallin. Aikinsa aikin rariya ne: ya zubar da abin da ba ka so, ya bar maka wanda ya dace da kai. Ga yadda muka yi da ƙanena.

Da farko mun ajiye wayar, muka ɗauki takarda da biro. Kuɗin da ya rage Naira 12,500 ne. Farashin da ake rubutawa a jikin kaya yawanci bai haɗa da kuɗin kawowa ba, saboda haka muka ware Naira 2,000 domin wannan, ya zama ba za mu wuce Naira 10,500 ba. Muka kuma rubuta abin da fitilar za ta kasance: mai caji, wadda ake ajiyewa a kan tebur, mai batirin da zai kai shi ƙarshen karatun dare. Ƙarfin batiri da mAh ake rubuta shi, kuma idan fitilu biyu haskensu ɗaya ne, wadda lambarta ta fi girma ita ce za ta fi daɗewa. Amfanin rubutawa tun kafin a shiga shi ne ido ba zai yanke maka hukunci ba. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Na biyu, muka buɗe kasuwar a burauza, wato Chrome, maimakon manhajarta. Muka rubuta sunan kayan, muka zaɓi rukunin da ya dace, sannan muka sa iyakar farashi ta sama da ta ƙasa. Mutane da yawa ta sama kawai suke sawa. Idan ka yi haka kuma ka ce a jera maka daga mafi araha, abin da zai cika shafin farko shi ne wayar caji da ƙwan fitila da sauran tarkace masu ɗauke da sunan da ka rubuta. Mu mun sa daga Naira 5,000 zuwa 10,500. Bayan haka muka zaɓi kayan da masu saye suka ba tauraro huɗu zuwa sama. A nan ma a lura: tauraro biyar daga mutum biyu bai kai tauraro huɗu daga mutum ɗari nauyi ba.

Na uku shi ne ajiyewa. Ku dubi adireshin shafin da ke can saman burauza. A shafuka da dama, duk sharaɗin da ka zaɓa yana shiga cikin wannan adireshi. Za ka ga alamar tambaya, bayanta kuma sunan kayan da farashin da tsarin jerawa, an raba su da alamar &. Ke nan adireshin da kansa ya zama takardar saƙonka. Sai ka danna ɗigo ukun nan na kusurwar dama ta sama, ka taɓa tauraro, shafin ya shiga ma'ajiyar burauza. Ka canza masa suna zuwa abin da za ka gane, kamar "Fitila 5,000 zuwa 10,500". A cikin jerin da ɗigo ukun ke buɗewa akwai kuma zaɓin ɗora shafin a fuskar waya, ya zauna kamar manhaja.

Kada ka tashi sai ka gwada. Kwafi adireshin, buɗe sabon shafi, liƙa shi. Idan sharuɗɗanka sun fito yadda ka sa su, aiki ya yi. Idan sun ɓace, wannan kasuwar ba ta sa su a adireshi, sai ka duba ko tana da nata maɓallin ajiye bincike. eBay, alal misali, tana da shi, har takan sanar da mutum idan sabon kaya ya shigo.

Akwai bambanci tsakanin wannan da alamar zuciyar da kuke gani a jikin kaya. Zuciya kaya ɗaya take riƙe maka, idan ya ƙare shi ke nan. Ajiyayyen bincike kuwa tambayarka yake riƙewa, duk sanda ka buɗe sai ya kawo maka amsar ranar, har da kayan da babu su jiya.

Sai dai rariya ba ta tace ƙarya. Abin da mai kaya ya rubuta shi take bi, ko da ya ƙara gishiri. Don haka ka karanta abin da waɗanda suka saya suka faɗa, musamman masu ƙorafi. Ka kuma lura da kayan da ke fitowa a sama da ɗan rubutun da ke nuna talla ce, kuɗi aka biya aka sa su a wurin. Idan farashi ya yi sauƙin da hankali bai ɗauka ba, ka tuna araha ba ta ado. A kasuwanni irin Jiji, inda mai saye da mai sayarwa ke haɗuwa kai tsaye, ka sa garinku a cikin sharuɗɗan, kada ka tura ko sisi kafin ka ga kaya, kuma kada ka je kai kaɗai. Maganar biyan kuɗi a bar wa iyaye ko yayye. Abin ma da sauƙi: tura musu adireshin ta WhatsApp, za su ga irin kayan da ka gani ba tare da ka ba kowa lambar sirri ba.

Ƙanena ya koma buɗe binciken sau ɗaya a rana, bayan sallar isha'i, minti biyu ya rufe. Kayan da ke fitowa ba su cika shafi biyu ba. A rana ta huɗu wata fitila ta shigo a kan Naira 9,800, kuɗin kawowa 1,900, Umma ta duba ta amince aka saya. Ya rage masa Naira 800, ya sayi littattafan rubutu. Bayan nan muka goge binciken, domin abin da aka riga aka saya babu amfanin a ci gaba da leƙa shi.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake buƙata na makaranta, ko jaka ko takalmi ko kalkuleta, ya rubuta sharuɗɗa uku a takarda, ya tsara binciken ya ajiye, ba sai ya sayi komai ba. Bayan kwana bakwai ya sake buɗewa ya ga ko farashi ya motsa. Ku rubuto mana abin da kuka gani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.