Wasiƙa ga malaman dabbobi na fadamar Haɗeja: jinyar karen da aka yanke wa ƙafa

Zuwa ga malaman dabbobi da ke aiki a Kirikasamma da Haɗeja da Guri da ƙauyukan bakin kogi.

Duk wanda ya san aikin malamin dabbobi a ƙasar Haɗeja ya san shanu da tumaki da awaki ne ke cinye masa yini: rigakafi, ciwon hanta, kaska, saniyar da haihuwa ta gagara. Kare sai can ba a rasa ba, shi ma galibi don allurar hauka ake kawo shi. Amma karnukan suna nan, kuma suna aiki. Su ke bin 'yan farauta da rani, su ke kwana a ruga, su ke gadin lambu da gidan mai. Ranar da aka sauko da ɗayansu daga mota da ƙafa uku da ɗinki tun daga ƙirji har kafaɗa, likitan da ya yi tiyatar yana can Zariya ko Maiduguri. Malamin da ke kusa za a kira, kuma makonni biyun farko a hannunsa suke.

Kafin a kai ga nan, akwai abin da ke wuyan malami tun ranar da aka fara nuna masa ɗingishin. Ba kowane kumburin ƙafa ne ciwon daji ba. A wannan yanki tarko da babur da saran maciji da karayar da aka ɗaure da ƙarfi har jini ya daina gudu sun isa su lalata ƙafar kare, ƙashi kuma yakan ruɓe da ƙwayar cuta ya yi kama da sankara. Sankarar ƙashi tana da halinta. Ta fi kama manyan karnukan waje irin su Rottweiler da Great Dane da karen 'yan sanda, musamman in sun fara manyanta, tana kuma son wurare sanannu: daf da wuyan ƙafar gaba, saman damtse kusa da kafaɗa, ko gefen gwiwar baya. Kumburin yana da tauri, taɓa shi azaba ne, maganin zafi ya lafa shi kwana biyu ya dawo. Hoton ƙashi da na ƙirji ne ke raba gardama, sai kuma ɗan yankin da ake kai wa ɗakin gwaji. Tiyatar kanta aikin likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, a wurin da ke da allurar barci da kayan aiki, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Jami'ar Maiduguri. Malamin da ya ce zai gwada a ƙarƙashin bishiya ya ɗauko wa kansa alhaki.

Taimakon da malami zai yi kafin tafiya asibiti shi ne ya ɗaga leɓen karen ya duba dasashi. Karen karkara da kaska da tsutsar ciki suka sha wa jini zai nuna fari fat, kuma cututtukan da kaska ke sawa suna hana jini daskarewa. A yi maganin wannan tukuna. A tambayi rigakafin hauka, a duba sauran ƙafafun uku ko suna da lafiyar ɗaukar kaya.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wadda a ganin mai wannan wasiƙa ita ce ma'aunin malami na gari: faɗa wa mai kare gaskiya kafin ya sayar da buhunan shinkafarsa ya yi kuɗin mota. Yanke ƙafa yana cire azabar ƙashin da ciwo ke ci, amma da wuya ya warkar da sankarar, domin a kusan karnuka 9 cikin 10 ta riga ta aika 'ya'yanta huhu tun kafin hoto ya iya nuna su. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992 ya bi karnuka 162 da aka yanke wa ƙafa ba tare da ƙarin magani ba. Rabinsu ba su wuce makonni 19 ba, kimanin kashi 11 cikin 100 ne suka ga shekara, kashi 2 suka ga shekara biyu. In aka haɗa da allurar kashe ƙwayoyin daji irin su carboplatin, wadda ake yi duk bayan mako uku, sau huɗu zuwa shida, lissafin yakan kai wata 10 zuwa 12. Wannan allura tana da tsada, ba kuma a kemis ɗin gari ake samunta ba. Mai kare yana da haƙƙin jin waɗannan alƙaluma da Hausa ƙarara, ya yanke shawararsa da idonsa a buɗe. In kuwa tarko ne ko mota ta ci ƙafar, labarin daban ne: kare zai iya shekaru yana harkarsa.

Abin da ke tsorata masu karnuka galibi shi ne kamannin, da kuma bakin mutane. A 1999 likitocin Utrecht a ƙasar Holan sun tambayi masu karnuka 44 da aka yi wa wannan aiki. Karnuka 41 sun saba da ƙafa uku sarai, yawancinsu cikin wata guda, wasu cikin mako. Murhu ma a kan duwatsu uku yake riƙe tukunya. Karen gida na nan ƙasar, da yake siriri ne mara kitse, ya fi na Turai sauƙin wannan sabo. Sai dai a sani, kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, don haka wanda ya rasa ta gaba ya fi jin jiki. Tafiyarsa tsalle-tsalle ce, kai yana sama yana ƙasa, kuma ya fi saurin gajiya. In mai shi ya yi mamakin ganin an cire har da allon kafaɗa, a gaya masa da gangan ne: guntun da aka bari yana lilo, ƙasa zai riƙa duka, ya zama gyambo.

Littattafan da aka rubuta a Turai suna gargaɗi a kan santsin tayil da hawa bene. A Madachi ko Marma ko Baturiya, abokan gaban ciwon su ne ƙuda da ƙasa da ruwa.

Ƙuda ne na farko. Ciwon da ke tsatsar ruwa, in aka bar shi a buɗe da damina, kwana ɗaya ya isa a yi masa ƙwai, washegari a ga tsutsa. Akwai kuma wani ƙuda da ba ya ma zuwa kan ciwon. A ƙasa mai inuwa da ta sha fitsari ko kashi yake zuba ƙwansa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta jira, kare ya kwanta ta huda fata ta shige. Bayan kwanaki sai a ga ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya, in aka ƙura ido a ga wani abu yana motsi. A toshe ramin da basilin, tsutsar ta rasa iska ta leƙo, a matsa a hankali ta fito ɗungurungum. Karen da ke jinya yini yake a kwance wuri guda, shi ya sa wurin kwanciyar ya zama rabin magani: daɓe ko siminti da aka share, tabarma a kai, tsohon zani wankakke da ake shanyawa a igiya cikin rana ana sauyawa kullum, sannan gidan sauro a rufe. Tsohon gidan sauron da aka daina amfani da shi ya wadatar, in an ɗinke hujojin.

Wankin ciwo ba ya son dabara mai yawa. Ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da ƙaramin cokalin gishiri, auduga mai tsabta, sai abin da likita ya rubuta. Baƙin mai da toka da fiya-fiya da ake zuba wa gyambon dabba ba su da wuri a nan. Na ƙarshen ma guba ne da fata ke sha, kare kuma ya lasa. Lasar ita ce ke warware ɗinki. In babu abin wuya na asibiti, a samo bokitin roba daidai kan karen, a yanke gindinsa, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya ci wuya, a huda ramuka huɗu a ɗaure da abin wuyansa, bakin bokitin ya ɗan wuce hancinsa. Zai yi ta karo da bango yini guda yana fushi, daga nan ya haƙura. Ba a cire shi sai an cire zare, tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Kumburi mai laushi a ƙasan ɗinkin, wanda ke motsi kamar ruwa a leda, ba zafi ba wari, abu ne da aka saba gani, jiki yakan shanye shi da kansa. Kada a yi ta soka masa allura, ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Wanda ke sa a kira likita a waya nan take shi ne ja da zafi da mugunya, ɗinkin da ya buɗe, jinin da ya ƙi tsayawa, ko kare ya ƙi ci ya wuce yini guda.

Ruwa kuwa ba sai an yi wa ɗan Kirikasamma bayaninsa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda hanya ke yankewa a watan Agusta da Satumba, gari ya koma sai da kwale-kwale. In aikin ya faɗo a wannan lokaci, a karɓo magungunan makonni biyu gaba ɗaya tun daga asibiti, a kuma ɗaure karen nesa da laka da kududdufi da ciyawar kachala har ciwon ya rufe. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, matsalar ta koma ƙishirwa da haki: inuwa, ruwa a gabansa kullum, fita da sassafe da bayan la'asar kawai.

Maganin zafi shi ne inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mai kare ya ji yana kuka da dare, ya je kemis ya sayo abin da shi yake sha in bayansa ya ƙage. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda. Akwai na karnuka, irin su meloxicam da carprofen, kuma da nauyin jiki ake auna su, don haka a ɗora karen a sikeli, kada a kimanta da ido kamar yadda ake yi wa bijimi. Kuskuren da ya fi kusa da hannun malami shi ne ƙara allurar dexamethasone a kan waɗannan don kare ya samu kuzari. Haɗin biyun yana fasa ciki. Baƙin kashi kamar kwalta ko amai da jini alama ce a tsayar da maganin a nemi likita. Wani karen yakan zabura ya yi ƙara ba wanda ya taɓa shi, yana waiwayen inda ƙafar take a da. Jijiyoyin da aka yanke ne, kuma akwai maganinsu, gabapentin, in likita ya rubuta. Kowane kare da ke jin zafi yana iya cizo, har da mai shi, don haka a sa takunkumi kafin wanki, a kuma kori yara.

Yawancin karnuka suna miƙewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A zura tawul ko zani ta ƙarƙashin ciki ko ƙirji a riƙe bakin biyu, a taimaka masa ya fita ya yi fitsari ya dawo. A tallafa kawai, kada a ɗauke shi, don da ƙafafunsa zai koyi sabon tsayi. Bayan an cire zare a riƙa ƙara tafiyar kaɗan-kaɗan. Abinci ya wuce ƙanzo da ruwan wanke-wanke: nama yana son abin gina jiki kafin ya haɗe, kuma ƙasar da kifinta ya yi suna har kudu ba ta rasa kifin da za a dafa a cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. A guji ragowar miya mai albasa da yawa, albasa tana fasa jinin kare. In ya warke kuma kada tausayi ya sa a cika shi da ci, ƙiba ita ce ke gama da ƙafafun da suka rage. A riƙa duba tafin ƙafa saboda ƙaya da tsagewa.

Ɗan farauta zai tambaya ko karensa zai koma daji. Amsar gaskiya ita ce bin zomo da gada ya ƙare, musamman in ta gaba ce ta tafi, amma hanci da kunne da haushi suna nan, gadin gida da garke bai fi ƙarfinsa ba. Wani kuma zai ce duk wannan wahala a kan kare? Malami ba sai ya yi wa'azi ba. Mutanen nan Malikawa ne, sun san an halatta kare don farauta da kiwo da gona, sun kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

In sankara ce ta sa aka yi yankan, aikin malami bai ƙare da cire zare ba. Ya riƙa leƙawa duk wata, yana sauraron tari, yana kallon numfashi da rama da sabon ɗingishi. Mai hali ya koma a ɗauki hoton ƙirji bayan wata biyu ko uku. Ranar da alamun suka bayyana, kare ya daina ci, numfashi ya zama aiki, a zauna da mai shi a gaya masa cewa likita yana da allurar da ke kawo ƙarshen wahalar ba tare da azaba ba. In yana da shakka ya tambayi malaminsa na addini. Abin da ake roƙon malaman dabbobi su tsaya a kai shi ne kada a kai dabbar bayan gari a yasar, kada kuma a ba ta guba. Tun ranar da za a sallami karen daga asibiti, malami ya karɓi lambar wayar likitan da ya yi aikin da takardar magungunan, ya ajiye kwafi a wurinsa.

Allah ya taimaka, ya sa albarka a aiki. Wassalam.