Daga Sabangali: Ina Filin Kokowar Yaranmu?

A ƙasar Ayalan akwai wasan gargajiya mai suna hurling: mutum 15 kowane ɓangare, ana bugun 'yar ƙwallo da sanda. Ƙungiyar GAA ke kula da shi tun 1884. Kulob na gari ne ko unguwa. A kara a gunduma, zakara ya wuce har matakin ƙasa, kuma ɗan wasa ba ya karɓar albashi. Da mutanensu suka tafi ci-rani Landan da Amurka, can ma suka kafa kulob, 'ya'yansu suka tashi da wasan gida.

To, mu fa? Muna da kokowa. A Nijar tun 1975 ake gasar takobi, yau jihohi takwas ke karawa. Amma nan Sabangali, ɗanka ya haddace 'yan wasan Real Madrid, bai san Issaka Issaka na Dosso ba, balle ya iya kirari.

Ga rairayi nan bakin kogin Shari, kyauta. Saura dattijo mai sa ido, da makaɗi, da yammacin Lahadi. Kowane mai shago ya ajiye jika guda, a sai wa zakara rago. Wa zai fara?