Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

 Maganarmu ta yau a kan abin da maza ke jin nauyin faɗi ce, watau zuwa wurin likita a duba jiki tun ba a kwanta ba, har da wuraren da riga da wando ke rufewa. Ra'ayinmu shi ne, lalle ya kamata kowane magidanci da ya kai shekara 40 ya je awon lafiya sau ɗaya a shekara, ya je a shirye, kada kuwa ya ɓoye wa likita kome.

Manomin Bakori ko na Ƙafur ba ya barin rumbunsa shekara guda bai leƙa ba, gama ya san gara ba ta sallama. Falke a kasuwar Dandume ba ya biyan kuɗin buhun masara sai ya ga ƙwayar da idonsa. To, ina dalilin da mutum zai bincika hatsi, ya manta da jikin da ya noma hatsin? Hawan jini da ciwon sukari su kan yi shekaru a jiki ba ciwon kai ba zazzaɓi, sai ran nan a ji wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Alhali awon hawan jini minti kaɗan ne, in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kama magani.

Akwai kuma cututtukan da kunya ce ke renonsu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da wasu daga Libaful ta Ingila, sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken cututtukan da suka zama 'yan gida. Cikin abin da suka tarar har da tsargiya, watau fitsarin jini, wadda ta fi kama yara maza da samari, domin su ne masu wanka da kamun kifi a tafkuna da madatsun ruwa, inda katantanwa mai ɗauke da tsutsar ke zaune. Wasu suna ɗaukarta alamar balaga. Ba haka ba ne. Ƙwan tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara, in ya daɗe ya ɓata ta, ya taɓa ƙoda, wani lokaci har ya kai ga ciwon daji. Maganinta kuwa ƙwayoyi ne na shan rana ɗaya. Saboda haka mai noman rani da ke yini cikin ruwa ya roƙa a auna masa fitsari.

Haka gwaiwa, wadda ta yawaita ga masu huɗa da masu dako. In an kai ta da wuri aikinta ƙarami ne, amma in hanji ya sauko ya shaƙe, sai gaggawar tsakar dare, rai a hannun Allah. Haka kuma wani ƙullutu da ke gindin mafitsarar kowane namiji, wanda likitoci ke kira furostet. Ya kan kumbura da tsufa ya tare fitsari, ciwon dajinsa kuwa shi ya fi kowane daji yawa ga mazan Nijeriya. Daga shekara 45 zuwa sama ya dace a yi wa likita zancensa, balle ga wanda ciwon ya taɓa mahaifinsa ko ɗan'uwansa.

Wani zai ce, yaya dattijo mai jikoki zai buɗe al'aurarsa gaban yaro sa'an ɗansa? Wannan tambaya ce ta mai mutunci, amsarta kuwa tana hannun malamai tun da daɗewa: malaman fiƙihu sun halatta wa likita duban abin da larura ta kai shi, gwargwadon larurar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littafi musamman a kan ciwon basur da magungunansa, bai ga wannan ya rage masa daraja ba. Da Baturen Ingila Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema har da a aiko masa da likita. Wa ya fi shi sanin haddin kunya?

Ga yadda ake shiri. Da farko a zaɓi lokaci bayan kaka, sa'ad da aka sayar da auduga da masara, kuɗi na hannu, aiki ya yi sauƙi. A yi sammako, a yi wanka, a sa tufa mai sauƙin tuɓewa. In za a auna sukari, a kwana ba a ci kome ba kamar sa'a 8, amma ruwa ba laifi. Goro da taba da shayi mai ƙarfi a dakata da su rabin sa'a kafin awon hawan jini, domin su kan ɗaga shi. In za a ɗebi jini don furostet, a yi kwana 2 ba kusantar iyali, ba doguwar tafiya a kan keke.

Na biyu, a ɗauki alƙalami a rubuta damuwa a takarda, da ajami ma ya isa: sau nawa ake tashi fitsari da dare, ko yana zafi, ko yana ɗiga, ko akwai kumburi a maraina, ko jini a bayan gida, da cututtukan da suka kama iyaye. Wanda ya rubuta ba ya daburcewa in ya zauna gaban likita.

Na uku, a tattara duk abin da ake sha a tafi da shi, na kanti da jiƙo da sassaƙe, har da maganin ƙarfin maza na bakin tasha. Raunin namiji sau da yawa ɗan aike ne na ciwon sukari ko na jijiyoyin jini, wasu kuma daga cikin magungunan nan ana cuɗa su da ƙwayoyin da ke iya kayar da mai shan maganin zuciya.

Abin da za a yi a ɗakin likita ba shi da yawa. Zai taɓa matsematsi ya ce a yi tari, don neman gwaiwa. In da bukata, ya sa safar hannu ya taɓa furostet ta dubura, abin da bai cika minti guda ba. Haƙƙin mutum ne ya nemi likita namiji, ya nemi a ja labule, a kuma riƙe masa asiri. Muna kira ga manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da su kiyaye wannan, gama dattijon da aka tozarta sau ɗaya ba ya komowa, sa'an nan ya hana goma zuwa. Abin da ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na Shika.

Malamai, ku faɗi wannan a wurin karatu, don bakinku ake ji. 'Yan kasuwa, ku ware kuɗin awon cikin ribar shekara kamar yadda kuke ware na haya. Magidanci shi ne ginshiƙin ɗaki, in ya karye mata da yara da almajirai ne a ƙarƙashi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.