Kafin Ka Zubar Da Linzamin Kwamfuta, Ka Bincika



Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na sa Linux Mint a tsohuwar kwamfutar shagon Baba. A cikinta yake ajiye lissafin masu bashi, don tun gobarar kasuwar Terminus a 2002 ya daina yarda da littafi kaɗai.

Bayan sati biyu 'yar tayar linzamin ta fara gardama: ka murza ƙasa, shafi ya yi tsalle sama. Baba ya ce, "Kai ka lalata da sabon tsarinka, je ka sayo wani."

Na ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar."

A Linux akwai wata ƙaramar manhaja, xev, mai nuna saƙon da linzami ke aikawa. Murzawa sama maɓalli na 4 ne, ƙasa kuma na 5. Ina murzawa ƙasa, 4 na faɗowa a tsakanin 5. Ashe Linux ba shi da laifi, daga linzamin saƙon ke fitowa a birkice. Na kwance shi, na tarar ƙurar hunturu ta toshe gindin tayar. Na goge, ya miƙe.

Ra'ayina, 'yan uwa: mun cika saurin zubarwa. Iyayenmu a Dilimi da gyaran tsohon ƙarfe suka riƙe gidaje. Me zai sa mu ji tsoron kwance ƙusa biyu? Kafin ka ɗora wa sabon abu laifi, ka gwada tukuna.

Allah Ya sa mu dace.