A Buɗe Mana Zauren Muhawara a Minjibir

Mu malaman firamare mukan wuni muna magana gaban aji cike maƙil, amma da zarar manya sun zauna a taro sai harshe ya yi mana nauyi. Batun ƙarin girma da ya maƙale, da rufin ajin da iska ta yaye, a gindin darbejiya muke kukansu, inda babu mai rubutawa.

A 1943 malaman makaranta irinmu, Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da Sa'adu Zungur, sun riƙa zaman muhawara a Bauchi. Can suka wasa bakinsu.

Muna roƙon reshenmu ya shirya irinsa duk Asabar, wannan mako Kunya, na gaba Wasai. Kowa minti biyar, a tsaye, babu takarda. Malamai mata su fara.